Tankin da Ke Yoyo a Ƙirjin Babanki

Kai mai karatu, gyara zama kafin ka ci gaba. Wasiƙu shida ne a nan, huɗu nawa, biyu na 'yata da ke karatu a nesa. Na kwafe su da hannuna ban sauya ko wasali ɗaya ba, har da wuraren da ba su yi mini daɗi ba. Ban kwafe su don a yi dariya ba. In kana cikin masu karanta takarda su miƙe tsaye su ce sun gane ba tare da sun tambayi kowa ba, da kai nake. In kuma akwai mai ciwon sukari a gidanku, kai ne kuma mai riƙe masa magani, ka karanta sau biyu. Ni na gama sakandare, na yi shekara ashirin da biyu ina buga tafireta a ofishin makaranta, ba a taɓa dawo mini da takarda an ja mata jan biro ba, har mijina yake tsokanata da suna Hedimasta. Duk da haka ga abin da ya same ni. Kada ka ce kai ka fi ƙarfinsa.

*

4 ga Fabrairu

'Yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kina salla a kan lokaci, kina kuma cin abincin kirki, ba biskit da shayi ba. Mu nan lafiya ƙalau, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta.

Kin san dalilin da ya sa na ba Kawunki direba wannan takarda ya kawo miki maimakon in kira ki. Babanki ba ya barin waya ta yi ƙara bai danna lasifika ba, sai ya baje a kujera kamar mai sauraron labarai. Abin da zan faɗa kuwa ba na kunnensa ba ne.

Makon jiya ya hau rufin wani gida zai duba tankin ruwa. Da ya sauko sai ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa yana haki, har matar gidan ta kawo masa kujera. Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran famfo, yana hawa tsani da bututu a kafaɗa. Na ja shi asibiti da ƙyar. Likitarsa ta ciwon sukari ta sa aka ɗauki hoton zuciyarsa, ta ce naman zuciyar ya fara tauri, ba ya sakin jiki da sauri bayan kowane bugu, kuma ana ganin haka ga waɗanda suka daɗe da sukari. Ta ce a ci gaba da magungunansa, a dawo bayan wata uku. Na ce, shi ke nan? Ta ce shi ke nan. Shi kuwa muna fitowa ya ce, “Kin ji ko, Hedimasta, an ce zuciyata ta yi tauri. Zama da ke ne.” Ban yi dariya ba.

To, ke nake tambaya. Shekara uku ke nan kina can, duk wanda ya tambaye ni me 'yarki take karantawa sai in ce zuciyar ɓeraye masu ciwon sukari, in ga yana danne dariya. Na haƙura da wannan. Yanzu ga ciwon ya zo gida. Ilimin da bai amfani uban mutum ba, ban san sunansa ba. Ki rubuto mini dalla-dalla me sukari yake yi wa zuciya. Kada ki cika mini takarda da manyan kalmomi, kada kuma ki raina ni, na yi kimiyyar halittu a aji biyar kuma na ci.

Kawunki zai juyo ranar Asabar. Kada ya dawo hannu rabbana.

Mahaifiyarki.

*

8 ga Fabrairu

Umma,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode Allah da kuna lafiya. Ina salla, ina cin abinci, biskit ɗin ma na rage. Ki shafa wa gwiwar man nan da na bari a kan durowa, ba ado na ajiye shi ba.

Labarin Baba ya tsaya mini a rai, amma abin da likitar ta faɗa daidai ne, kuma an gano da wuri. Bari in gwada yi miki bayani da aikin Baba, don da shi ni kaina nake fahimtar nawa.

Naman zuciya tarin 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta ne, ido ba ya ganinsu sai da madubin ɗakin bincike. Ki ɗauki kowace ɗaya kamar gida ne mai tanki a sama. Abin da ke cikin tankin ba ruwa ba ne, wani sinadari ne da ake kira kalsiyam, shi ne dai wanda kika karanta a aji biyar cewa yana cikin ƙashi da madara. Duk lokacin da zuciya za ta buga, sai bakin tankin ya buɗe, kalsiyam ya zubo cikin gidan gaba ɗaya, naman ya matse. Nan take wani ɗan inji ya tsotse shi ya mayar tanki, naman ya saki jiki, jini ya shigo. A zubo, a mayar, a zubo, a mayar, sau saba'in a minti ɗaya, tun kafin a haifi mutum.

Abin da muke gani a ɓerayenmu shi ne, in sukari ya daɗe yana yawa, ɗan injin nan sai ya yi sanyi, ba ya mayarwa da sauri. Bakin tankin kuma ba ya rufuwa ruf, yana yoyo. Sai ki tarar tsakar gida kullum a jiƙe, tanki kuma bai cika ba. Tsakar gida a jiƙe, naman ba ya sakin jiki. Tanki bai cika ba, bugun ba ya ƙarfi. Aikina duka shi ne auna saurin wannan ɗan inji. Ina sa wa ƙwayoyin wani launi mai haske, duk bugu sai su yi walƙiya kore a allon kwamfuta. Na lafiyayyen ɓera yana walƙawa ya mutu nan da nan. Na mai sukari sai ya daɗe yana dusashewa, kamar fitilar da batirinta ya yi sanyi. Umma, da za ki gani da kin daina jin kunyar ɓerayena.

Sai dai a ɓera muke gani ƙarara. A mutum akwai alamun haka ne, amma ni ban duba zuciyar Baba ba, ba ni ce likitarsa ba. Ya ci gaba da maganin sukari da na hawan jini, ya riƙa tafiyar ƙafa da yamma, ya rage hawa rufi.

Don Allah ki ba Baba wannan takarda ya karanta. Ba abin tsoro a ciki, kuma zai fi mu duka gane ta. Ki ce masa likitar ɓeraye tana gaishe shi.

Kawu yana ta danna hon a waje.

'Yarki.

*

15 ga Fabrairu

'Yata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ke ma haka. Na shafa man, ya ɗan yi.

Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku, na ja layi a ƙarƙashin wurare masu muhimmanci. Rubutunki ya lalace, amma bayanin ya fita. Ashe ba banza kike zaune ba. Na gane sarai: tankin da ke ƙirjin Babanki bai cika ba, abin da ya rasa kuma kalsiyam ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ku masu ilimi kuke ganin matsala ƙiri-ƙiri ku tsaya kuna kallon walƙiya a kwamfuta. In tulu bai cika ba ai ƙara masa ake yi. Wannan ko yarinyar da ba ta shiga aji ɗaya ba ta sani.

Ban ba shi takardar ba. Ke yarinya ce, ba ki san maza ba. Mutumin da aka ce masa zuciyarsa ta yi tauri ya mayar da abin wasa, in aka ce masa tana yoyo sai ya ɗauko sifana daga akwatin aikinsa. Ko kuma ya kwanta ya ce shi ke nan ta ƙare. Na sa ta a ƙasan akwatin zannuwana.

Na je wurin mai kemis na bakin titi na ce ya ba ni kalsiyam. Ya tambaye ni na waye, na ce na gida ne. Ya ɗauko wata babbar kwalba, farare ne manya kamar alli. A jikinta an rubuta ɗaya a rana. Na yi tunani, wannan ai na mai lafiya ne wanda tankinsa ba ya yoyo. Wanda nasa ke zuba dole a ba shi abin da zai cike gurbin wanda ya zube, har ya yi saura. Saboda haka ina ba shi biyu da safe, biyu da rana, biyu bayan magariba. Na kuma ƙara masa madara, marar sukari, kada ki ce ban kula ba.

Kin san shekara tara ke nan ni nake jera masa magunguna a ɗan farantin nan mai bakin shuɗi, yana watsawa a baki ko kallo ba ya yi. Wannan karon girmansu ya sa ya tsaya. Ya ce, “Hedimasta, wannan kuma tsakuwar fa?” Na ce daga binciken 'yarka ne. Ya ce, “To, in na likitar ɓeraye ne, Allah Ya sa kada in wayi gari ina cin sabulu.” Ya haɗiye.

In akwai gyara a lissafina ki faɗa. In na ji shiru, na san kin yarda.

Mahaifiyarki.

*

29 ga Maris

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ko da yake wanda yake lafiya yakan amsa takardar uwarsa. Mako shida. A waya kina ta “Umma ya gida, Baba ya aiki,” shi yana zaune kusa da lasifika, ni ina jiran ki yi mini ko da alama, ke kuwa kamar ba ki san da zancen ba. Kawunki ya rantse ya kai. Na ɗauki shirun a matsayin yarda kamar yadda na faɗa, amma yarda ma ana rubuto ta. Tarbiyyar da na yi miki ba haka take ba.

Lafiyar gidan nan kuwa, ni kaina ban san me zan ce miki ba.

Babanki ya koma shan ruwa kamar raƙumi. Daga safe zuwa azahar na ƙirga ya shiga banɗaki sau bakwai. Ke kin sani, ni na sani, wannan alamar sukari ya hau ne, haka ya yi lokacin da ciwon ya fara. Na ɗauko na'urar gwaji na huda masa yatsa. Lamba lafiya lau. Washegari na sake, lafiya lau. Na ce batir ne, na sauya. Lafiya lau. Na kai na'urar wurin mai kemis, ya gwada a yatsansa, ya gwada a nawa, ya ce ba abin da ya same ta. To wa ke ƙarya, na'ura ko idona?

Na ce ruwa ba ya tsami banza, wani abu yake sha a waje. Na zazzage akwatin kayan aikinsa a tsakar ɗaki ina neman alewa ko murfin lemo. Ban samu komai ba sai robobin famfo da farin maganin ƙwannafi da yake taunawa tun da can. Na tsare shi na ce ya faɗa mini gaskiya, gidan wa ake ba shi lemo. Na yi masa wa'azi na kusan rabin awa a kan amanar jiki. Ya dube ni ya ce, “Wallahi ko rake ban kalla ba.” Kuma bai yi wasa ba, bai ce Hedimasta ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Cikinsa ya ɗaure, yau kwana biyar. Abinci sai ya tsakura ya ture. Shekaranjiya ya je sa famfo a wani gida, ya haɗa na ruwan zafi a wurin na sanyi, mai gidan ya biyo shi har ƙofa yana faɗa. Jiya ya tsaya a tsakiyar ɗaki da sifana a hannu yana tambayata ina sifanarsa. Ya ɗauki waya ya kira mutumin da ya gama wa aiki tun bara ya ce masa yana nan tafe. Na karɓe wayar, na kashe ta, na kulle a durowa tare da tawa, don tawa ma yana ɗauka. Ba zan bari ya zubar da mutuncin shekara talatin a mako guda ba.

Na sake ɗauko takardarki na karanta. Kin ce in tanki bai cika ba bugun ba ya ƙarfi. Na ce to wataƙila jinin ne ba ya isa kansa, yoyon ya fi abin da nake zubawa. Tun ranar Laraba na mayar da shi uku-uku. Kwalba ta uku ke nan. Amma maimakon ya ɗago sai ƙara kwanciya yake. Shin tankin nasa ya fi na ɓera girma ne har haka? Ko akwai wani iri mai ƙarfi da ba a sayarwa a kemis? Ko kuwa tsufa ne ya zo masa gaba ɗaya ni nake ta wahalar da kaina? Watan komawa asibiti bai yi ba, likitar ta ce wata uku, ni kuma ba na karya ƙa'ida.

Ban saba cewa ban gane ba. Ki amsa mini.

Mahaifiyarki.

*

1 ga Afrilu

Umma,

Ina gaishe ki, amma a gurguje nake, ki yi haƙuri da rubutun.

Ki daina ba Baba kalsiyam. Ko guda ɗaya. Madarar ma a dakata, da maganin ƙwannafin nan, shi ma kalsiyam ne a cikinsa.

Yau da safe aka miƙo mini takardunki biyu tare. Ta farko Kawu ya bar wa maigadin ɗakin bincikenmu, ya sa ta a aljihun rigar aikinsa ya tafi hutu. Sai da ta biyu ta zo ya tuna. Wallahi Umma ban yi shiru don na yarda ba, ban san an tambaye ni ba. Na kira wayarki da ta Baba sau goma sha ɗaya kafin in kai wurin da kika rubuta cewa suna durowa. Na samu Kawu, Allah Ya sa jiya ya koma, ya ce yanzu zai juya mota ya zo ya kai ku asibiti. Kada ki yi masa gardama. Ki tafi da kwalaben duka uku, har waɗanda suka ƙare, ki faɗa wa likita adadin da kike ba shi, kada ki rage. Wannan takarda abokin Kawu zai kawo, na san za ta tarar da ku a can.

Na'urarki ba ta yi ƙarya ba, Baba ma bai yi ba. In kalsiyam ya yi yawa a jini, ƙoda tana ta zubar da ruwa, mutum ya yi ta fitsari da ƙishi kamar mai sukari. Ciki ya ɗaure, kai ya rikice. Abin da kika lissafa mini ke nan ɗaya bayan ɗaya.

Umma, jikin Baba bai rasa kalsiyam ba. Ƙashinsa cike yake da shi, jininsa ma yana da daidai gwargwado. Matsalar ta wurin ajiya ce a can cikin ƙwayar halitta, da ɗan injin da ke mayarwa. Abin da aka haɗiya ta baki ba ya zuwa ya cika wannan tanki.

Laifina ne. Na yi ta murna kin tambaye ni aikina karo na farko, na baje misali, ban rubuta layi ɗaya da ya fi duka muhimmanci ba, cewa wannan ba abin da ake saya a kemis ba ne. A nan kowa ya san haka, sai na manta ba kowa ne yake nan ba.

Na nemi izini, ina tafe ranar Juma'ar sama in Allah Ya so. Ki kunna waya.

'Yarki.

*

6 ga Afrilu

'Yata,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ki ni da Babanki, kuma wannan karon da bakinsa ya ce a gaishe ki, ya kuma san wadda yake gaisarwa. Na san mun yi magana a waya, na san kina tafe, amma akwai abin da ba zan iya faɗa ana kallona ba. Ki karanta a mota.

Kawunki ya shigo mini gida ko sallama bai gama ba, ya ce, “Yaya, ɗauko mayafi da kwalabe.” Na ce wa ya aiko ka ka ba ni umarni a ɗakina? Ya ce, “Wadda ta fi mu karatu.” Ya saɓi Babanki kamar buhu. A mota Babanki yana ta tambaya gidan wa za mu yi aiki.

Aka ɗebi jini. Likitar ta dawo da takarda a hannu, ta tambaya me yake sha ban da abin da ta rubuta. Na jera mata kwalabe uku a kan tebur. Ta ce guda nawa a rana? Na ce tara. Ta cire tabarau ta ce, “Tara?” Na ce da shida na fara. Ta ce wa ya rubuta? Na buɗe baki in ce binciken 'yata ne, sai na ji ba zan iya ɗora miki ba. Na ce ni ce. Shekarata hamsin da shida, ban taɓa jin kalma biyu sun yi mini nauyi haka ba.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce kalsiyam ya taru a jininsa har ya taɓa ƙoda. Ta ce ɗaya daga cikin magungunansa na hawan jini yana hana jiki zubar da kalsiyam, ga na ƙwannafi, ga madara, ga nawa tara a kai. Na ce to tankin fa, ya cika? Ta ce wane tanki? Na yi mata bayaninki. Ta ce misalin yana da kyau, amma ita ba ta taɓa jin wanda ya bi misali har kemis ba.

Kwana huɗu ana yi masa ƙarin ruwa. Ni ina kan benci ina ta juya abin a raina, don har lokacin, in gaya miki gaskiya, ban gane ba. An ce bai cika ba. Na ƙara. An ce ya yi yawa. Yaya abu zai yi kaɗan kuma ya yi yawa a jiki ɗaya? Takardarki ta biyu ta zo, na karanta, na ga kalmomin, amma ba su zauna ba.

Rana ta uku ya farka da hankalinsa. Ya dubi robar ruwan da ke rataye, ya bi bututun da ido har hannunsa, ya ce wanda ya haɗa wannan ya iya aiki. Sannan ya ce, “Hedimasta, me ya kawo mu nan?” Da na ji sunan sai na tashi na fita baranda na ɗan tsaya. Da na dawo na ciro takardarki ta farko, wadda na ɓoye wata biyu, na karanta masa daga sallama har hon ɗin Kawu.

Ya saurara ido a rufe. Da na kai wurin yoyo da injin da ya yi sanyi sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Tsaya. Tsakar gida a jiƙe, tanki bai cika ba?”

Na ce haka ta rubuta.

Ya ce, “To ai ba ruwa gidan ya rasa ba. Inji za a duba, a sauya robar bakin tanki. Wane sakarai ne zai ga gida yana yoyo ya kira motar ruwa?”

Na ninke takardar. Mai jinyar gadon kusa da mu ta sunkuyar da kai. Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi kwalaben da ke kan durowa, ya daɗe yana kallonsu.

Ya ce, “Tsakuwar nan?”

Na ce ita.

Ya ce, “Motar ruwa nawa kika kira?”

Na ce tara a rana.

Ya yi dariya har sai da ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Da ya gama ya share ido ya ce, “Yarinyar nan ta ce ki ba ni in karanta. Da kin ba ni, da minti ɗaya ya ishe mu.” Har yau bai sake tayar da zancen ba. Wa'azin da na yi masa a kan lemo ma bai tuna mini ba, ni ce nake tunawa.

A nan na gane. Abin da na karanta sau biyar da jan layi ban gane ba, mai gyaran famfo ya gane shi a kwance da allura a hannu. Garin neman gira na kusa rasa ido.

An sallame mu jiya. Likitar ta ce ƙodar tana dawowa, amma sai an sake gwaji bayan mako biyu kafin ta ce ta dawo duka, kuma ba hawa rufi sai ta ba da izini. Zuciyar tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Yau da safe na jera masa magani a farantin, ya tsaya ya ƙirga su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar sunan kowanne. Shekara tara bai taɓa yi ba. Na tsaya na amsa masa. Ya cancanta.

Ke kuma, ki daina cewa laifinki ne, ba na son ƙarya ko da ta ladabi ce. Amma ki ɗauki darasi: duk wanda zai yi wa mutum misali da tanki, ya faɗa masa inda misalin ya ƙare. Kuma ki gyara rubutunki. In kin zo ki taho da hoton walƙiyar nan kore, Babanki yana son ganin injin, ya ce wataƙila yana da shawara.

Ga dokar da na kafa, na buga ta da tafireta, na manna a jikin kabad ɗin magani, kuma ta fara aiki tun jiya. Daga yau a gidan nan, duk takardar da ta yi magana a kan jikin mutum, a gaban mai jikin za a karanta ta, da murya, daga sallama har sa hannu, kuma ba mai tashi sai shi ya faɗi abin da ya gane. Ba abin da zai hau farantin nan mai bakin shuɗi sai likita ta gan shi, mai haɗiya kuma ya san sunansa. Shiru ba yarda ba ne, wanda bai ji amsa ba ya sake tambaya.

Dokar ta hau kan kowa. Babanki ya tambaya ko har da Hedimasta. Na ce da ita aka fara.

Mahaifiyarki.